Kawu Kwali da Jan Maɓalli

Da na dawo daga karatu, a wurin kawuna na sauka, yayan mahaifiyata. Gidan haya ne mai bene, shi da matarsa suna ƙasa, ƙofarsu tana kallon matakala. Ɗakin da 'ya'yansu suka tashi a ciki aka ba ni, sai dai na tarar an riga ni shiga. Kwalaye ne tun daga ƙasa har kusa da silin, an buɗe su an shimfiɗe, an ɗaure da igiya gwargwadon kaurinsu. An bar mini gado da hanyar zuwa gadon.

"Kada ka jingina da na hagu," in ji Kawu. "Masu kyau ne."

Tsarabar da na kawo masa fakitin takardu ne masu launi, irin waɗanda ake sayarwa a can musamman don yara su yanka, domin mahaifiyata ta faɗa mini a waya cewa yayanta ya koma wasa da yara. Ya buɗe, ya shafa ɗaya da babban yatsa, ya ɗaga ta ya duba a haske, ya mayar. Sannan ya sa fakitin a akwatin ƙarfe ya kulle.

"Ba za ku yi aiki da su ba?" na tambaya.

"Waɗannan? A yanka?" Ya dube ni kamar na ce a yanka labulen falo. Har yau suna cikin akwatin.

A kamfanin kwali Kawu ya ƙare ƙuruciyarsa. Ya shiga yana saurayi, yana share gutsattsarin da inji ke zubarwa, ya koma mai naɗi, daga baya aka ba shi teburin samfur, wato shi ke fitar da kwalin farko da hannu kafin a saita inji a kansa. Idan mai sabulu ko mai ƙwan fitila ya zo neman kwali, Kawu ne zai juya kayan a hannu, ya auna, ya ja layi, ya yanka, ya naɗe, ya ajiye a tebur ya danna da tafin hannu. In bai lotsa ba sai ya ce, "Zai tsaya." Abokan aikinsa ba su taɓa jin ya yabi wani abu da kalmar da ta fi wannan ba. Inna, matarsa, ta ce ranar da aka miƙa masa ɗansu na fari ma abin da ya faɗa ke nan. Shi ya ce bai tuna ba, amma ai yaron ya tsaya.

Da ya yi ritaya aka ba shi agogon bango, ya roƙa a haɗa masa da rezarsa da rular ƙarfe. Ya zauna a gida ya gyara duk abin da ya lalace, sannan ya shiga abin da bai lalace ba. Ranar da ya fara auna tukwanen Inna yana cewa zai yi wa kowace kwalinta, sai ta fitar masa da kujera ƙarƙashin matakala ta ce ya sha iska.

A nan ne wata rana ya tarar da ɗan maƙwabta yana kuka, ya fasa firam ɗin hoton mahaifiyarsa. Kawu bai lallashe shi ba, don bai iya ba. Ya ɗauko kwali ya yanka, ya miƙa masa gam, ya ce ya haɗa wani. Yaron ya haɗa wani abu mai kusurwa biyar ya kai wa uwarsa. Asabar da ta biyo baya ya dawo da ƙannensa, alhali ba su fasa komai ba. Yanzu yaron nan ya yi gemu, yana tuƙa motar haya, in ya zo wucewa yakan danna hon. Shi ya fara cewa Kawu Kwali, sunan kuwa ya bi shi har wurin masu kawo takardar wuta.

Tun daga lokacin safiyar Asabar ta zama ta yara. Teburin wata tsohuwar ƙofa ce da aka ɗora a kan bulo, bencin kuwa gajere ne daidai gwiwar ɗan firamare. Kayan aiki gwangwanayen madara ne, da marafan kwalba, da ƙyallayen da telan bakin titi ke tara masa, da zare, da tsinken tsintsiya, sai gam na fulawa da Inna ke damawa tana mita. Akwai kuma gwangwanin maɓallai, wanda shi ne baitulmalin wurin. Kowane yaro maɓalli ɗaya yake samu a rana, zaɓensa kuwa yakan cinye rabin safiyar.

Reza ba ta barin hannun Kawu. Amma da zarar ya yanka ya miƙa, nasa ya ƙare, ba ya sake taɓa aikin yaro. Zama yake yi a kan hannayensa, tafukan a ƙarƙashin cinyoyi, yana kallo ana manna wa mota taya a kan rufi. Na sha ganin jijiyar wuyansa tana motsi. Da na tambaye shi dalili sai ya ce, "In na taɓa ya zama nawa. Uwarsa ba ta nemi kyauta a wurina ba."

Ɗaya dokar ita ce ba a yin abu don a ajiye. Duk abin da aka haɗa, a ranar za a ba wani, kuma kafin yaro ya ɗauki almakashi sai ya faɗi wa zai ba. Saboda haka duk Asabar kafin azahar za ka ji ƙafafu suna hawa bene, ana buga ƙofofi, ana cewa, "Mama, rufe idonki." Daga nan sai muryoyin manya: "Kai! Kai ka yi wannan da kanka? Mene ne?"

Mutanen gidan ba mugaye ba ne, ɗakunansu ne ƙanana. Mazubin biro ya zo wannan makon, mafici ya zo na gaba, sai akwatin 'yan kunne, sai wani mazubin biron, a gidan da biro ɗaya ne kuma kullum ana nemansa. Abu yakan kwana biyu a kan talabijin, ya koma bayan talabijin, ya koma bayan ƙofa, daga nan ya bi shara a cikin baƙar leda, can ƙasa inda yaro ba zai gani ba.

Da abin ya tsaya nan, da shi ke nan. Amma Kawu yana da shiri da Mai Shara, wanda ke tura amalanke yana kwashe ledojin gidan. Duk abin da ya ga zai yi amfani yakan ware masa a buhu, ya ajiye a bayan ƙofa tsakiyar mako. Mai Shara kuwa mutum ne mai ido. In ya ga gwangwanin da aka riga aka wanke har aka naɗe da ƙyalle, ya san irin wanda Kawu ke so ne.

Ban san wannan ba sai wata yamma da na shiga ɗakina na tarar da Kawu zaune a bakin gadona, ya tura ƙofa, ga bahon ruwa a gabansa. Yana jiƙa wani gwangwani mai kunnuwan kwali yana ɓare ƙyallen a hankali. A gefe ga wani mafici da na ga wata yarinya tana yi wa kakarta, an raba shi da mariƙinsa.

"Shigo ka rufe," in ji Inna daga bayana. "Injiniya yana tiyata."

Haka yake yi duk mako. Kyautar da ta dawo sai ya wargaza ta yadda mai ita ba zai gane ba. Ƙyalle ya koma cikin ƙyallaye, marfi ya koma cikin marafai, kwalin da ke da rubutun yaro kuwa ya yanka shi ƙanana ya kai kwandon sharar wani layin.

"Yaran sun sani?" na ce.

"A'a."

"In suka tambaya fa?"

"Ba na yi wa yaro ƙarya," ya ce. "Shi ya sa nake ƙoƙari kada ya tambaya."

"Ranar da suka gane, teburinka ya tashi," in ji Inna. "Sai ka dawo kan tukwanena. Ni ce da wahala."

Kawu bai musa ba. Ya san haka ne, kuma ban da safiyar Asabar ban ga abin da yake ɗokin zuwansa a cikin mako ba.

Na ce to me zai hana ya zubar da su gaba ɗaya, tunda gwangwani ba wuyar samu yake ba.

"Laifin me gwangwanin ya yi?" ya ce. Ya ɓalle wani maɓalli daga jikin ƙyallen, ya ɗauraye, ya goge da gefen riga, ya jefa a gwangwanin maɓallai.

A cikin yaran akwai wata da ake kira Lauya, 'yar Mai Agogo na hawan sama, ba ta wuce shekara bakwai ko takwas ba. Magana ba ta wucewa ta gabanta ba ta yi mata tambaya ba. Mahaifinta yana da ɗan shagon gyaran agogo a kwanar titi, mutum ne mai tsabta da ƙarancin magana, mutanen gidan suna cewa duk maganar da ya rage ita ta kwashe.

Wata Asabar Lauya ta zo da nata maɓallin daga gida. Ja ne, babba, na wata rigar sanyi da ta yi mata kaɗan, ya ɗan ɓantare a gefe inda ta cije shi tana ƙarama. Ta ce Babanta za ta yi wa mazubin ƙananan sukundirebobinsa. Ta naɗe gwangwanin madara da koren ƙyalle, ta yi masa idanu da marafan kwalba, ta manna maɓallin a matsayin hanci, ta shafa gam kamar mai yaɓen bango. Kawu ya dube shi daga inda yake zaune ya ce zai tsaya. Ta haura da shi da gudu.

Bayan 'yan makonni, ana zaɓen maɓallai, sai na ga Lauya ta ɗago jan maɓalli daga cikin gwangwanin. Ta juya shi, ta shafa gefensa, ba ta ce komai ba. Wannan ya kamata ya tsorata mu, don Lauya ba ta shiru. Kawu yakan gane kaurin kwali daga nesa, amma maɓalli a wurinsa maɓalli ne kawai, mai kyau ko marar kyau, wannan kuwa mai kyau ne. A ranar ta yi wa Babanta firam, ta manna maɓallin a tsakiyar sama. Shi ma bai daɗe ba ya dawo, ta sake tsintar maɓallin a cikin gwangwanin.

"Kawu, ina da tambaya," ta ce.

"Ai kullum."

"Maɓalli yana tafiya da ƙafarsa?"

"A'a."

"To wannan nawa ne. Ga inda na ciza. Na sa shi a gwangwanin Baba, ya dawo nan. Na sa shi a firam ɗin Baba, ya dawo nan. Wa ya kawo shi?"

Kawu ya zaro hannayensa daga ƙarƙashin cinyoyi, ya dube su, ya mayar.

"Mai Shara."

"A ina ya samo shi?"

"Inda yake samun kaya."

"A shara."

"A shara."

Almakasai suka tsaya. Wani ƙaramin yaro da ake kira Ɗan Gam, saboda rabin gam ɗin da ake ba shi a cikinsa yake ƙarewa, ya cire yatsa daga baki.

"Har motata?"

"Wace?"

"Mai taya a sama. Wadda na ba Mama."

"Tayoyin suna cikin wancan kwanon," in ji Kawu.

Inna tana tsaye a bakin ƙofa da tukunyar gam. "Haba Injiniya," ta ce ƙasa-ƙasa, "da ka ce kai ma ba ka sani ba, wa zai kama ka?"

"Ita."

Lauya ta sa maɓallin a aljihu. Ta miƙa masa almakashi ta wajen mariƙi, yadda ya koya musu, ta haura bene ba gudu. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Ɗan Gam ya tsaya ya kwashi tayoyinsa tukuna.

Asabar ta gaba Kawu ya ɗora ƙofar a kan bulo, ya jera kwanuka, ya yanka kwali ya tara. Ba wanda ya sauko. Ya zauna a kan hannayensa duk da babu aikin da zai guji taɓawa. Inna ta dama gam ba tare da mita ba, wannan kuwa ya fi komai damuna. Da rana ta yi ya kwashe kayan, ya shiga ciki, na ji yana tambayarta ko babbar tukunyar nan tana da marfi.

A sama kuwa bincike ake yi. Matakalar gidan tana ɗauko magana, saboda haka duk mun ji. Kowane yaro ya ce a nuna masa kyautarsa. Wata uwa ta ce ta kai ajiya. Wani uba ya ce ɓera ya ci, aka tambaye shi ko ɓera yana cin marfin kwalba. Mai Agogo ya ce nasa gwangwanin yana shago, kullum yana amfani da shi, maɓallin ne kawai ya faɗi aka share. Lauya ta ce to, ranar Asabar za ta bi shi shagon ta gani.

Saura kwana biyu Asabar ɗin, da yamma, sai ga Mai Agogo ya sauko da farar riga, shatin gilashin da yake maƙalawa yana nan a kewayen idonsa. Ya gaida Kawu har da rusunawa, ya tambayi lafiyar Inna, ya tambayi tawa, ya tambayi ta mahaifiyata da bai taɓa gani ba.

"Baba, wurinka na zo. Wancan gwangwanin."

Kawu ya shiga ya fito da gwangwanin madara tsirara, ya ajiye a gabansa.

"Ina ƙyallen? Ina idanun?"

"Na ware."

"Don Allah ka haɗa mini. Kai ka san yadda yake."

"Ba na taɓa aikin wani."

"Ai yanzu ba na kowa ba ne, Baba."

"To zauna ya zama naka."

Ya duba ko'ina bai ga wata kujera ba, sai ya zauna a bencin yara, gwiwoyinsa suka zo kusa da haɓa. Ya miƙa hannu zai ɗauki almakashi, Kawu ya janye.

"Wa za ka ba?"

"Ba kyauta ba ce, Baba. Ajiyewa zan yi a shago ta gani."

"A teburin nan sai an faɗi wa za a ba."

Mai Agogo ya daɗe yana kallon gwangwanin. "Ita," ya ce.

Inna ta kawo gam ta dangwarar. "Kai kuwa me ya kai ka jefar da kayan yarinya?"

"Ban jefar ba, Inna. A gefe na ajiye, gefen aka share."

"Duk gidan nan gefe ake sharewa."

Da ya ga ba za a ƙyale shi ba sai ya faɗi gaskiya. Gwangwanin ya yi zurfi, sukundirebobinsa ƙanana ne, in ya jefa su sai sun nutse, sai ya juye duka kafin ya sami wanda yake nema. Gam ɗin fulawar kuma ya jawo kiyashi, har ya buɗe agogon wani mutum ya tarar da ɗaya yana zagayawa a ciki.

"Ka faɗa mata?" in ji Kawu.

"Yaya zan faɗa mata? Ta zo tana murna."

Kafin a jima ya sami abokan zama. Mahaifiyar Ɗan Gam ta sauko da niyyar aron gishiri, ta ƙare a benci tana tambayar taya nawa ke kan rufin motar. Wani uban ya leƙo, ya koma, ya dawo ba hula. Kowa aka tambaye shi wa zai ba, kowa ya faɗa da ƙaramar murya.

Matsalar Mai Agogo ita ce hannunsa ya saba da daidai. Ya zaro hantsaki daga aljihu ya ɗora idanun, suka zauna cif kamar an auna da rula.

"Nata na hagu ya sauka ƙasa," in ji Kawu.

Ya saukar da shi kaɗan, ya dudduba, ya ɗaga na dama gwargwadon haka.

"Yanzu ka karkata su da ma'auni. Yaro ba ya karkata abu da ma'auni."

Gumi ya keto masa. Ya ce ya taɓa haɗa agogon da mota ta taka bai sha wannan wuyar ba. Da aka zo kan hanci sai ya tuna maɓallin yana aljihun mai shi. Ya tona gwangwanin ya samo wani ja, kusan girmansu ɗaya, amma gefensa lafiya lau.

"Sai ka ce mata ka samo wani," in ji mahaifiyar Ɗan Gam.

"Ba ki san ta ba. Za ta tambayi a ina, wa ya sayar, me ya sa wannan bai faɗi ba. Gara ya yi kama da nata, in ce nata biyu ne a rigar."

"To ciza mana," in ji Inna. "Ai haƙoran gida ɗaya ne."

Ya dube ta don ya ga ko wasa take yi. Fuskar Inna ba ta taɓa taimakon kowa a irin wannan ba. Ya sa maɓallin tsakanin haƙora ya rufe ido.

"Baba, me kake ci?"

Lauya ce a kan matakala, fuskarta tsakanin ƙarafuna. An aiko ta ta kira shi cin abinci. Mahaifiyar Ɗan Gam ta rufe motarta da mayafi. Mai Agogo ya ciro maɓallin daga baki, ya nemi inda zai ajiye, ya rasa, ya riƙe.

"Gwangwaninki nake yi."

"Nawa ya tafi shara."

"E."

"Ka ce yana shago."

"Na ce."

"Me ya sa ka jefar?"

Ya faɗa mata, da zurfin da kiyashin, har da wanda ya shiga agogon mutum. Ta saurara har ƙarshe.

"To me ya sa ba ka faɗa ba? Ai da na rage masa tsawo."

Ya ajiye maɓallin a tebur. Ta sauko ta ɗauki aikinsa ta jujjuya.

"Gam ya yi kaɗan," ta ce. "Kuma idanun kamar na mai jin barci."

"Ke ya ce zai ba," in ji Kawu.

Mai Agogo ya karɓa daga hannunta don ya miƙa mata, da hannu biyu, gwangwanin babu hanci. Ta ajiye shi a tebur ta danna da tafin hannu, duk da gwangwani ne ba inda zai lotsa. Muka jira. Ba ta faɗi kalmar ba.

"Kawu, in na jefar zai dawo nan?"

"Zai dawo."

"Za ka faɗa masa?"

"In ya tambaya."

"Kai ma ai ka ɓoye mana."

"Na ɓoye."

"Me ya sa?"

"Don ku ci gaba da zuwa."

Ta dube shi yadda take duban maɓalli kafin ta zaɓa. Sannan ta ɗauki gwangwanin, ta ce wa mahaifinta abinci yana hucewa, suka haura, ita a gaba.

Ranar Asabar Kawu ya jera kaya kamar kullum. Inna ta dama gam, ta fito ta leƙa sama, ta koma, ta sake fitowa wai tana neman ludayi. Hantsi ya yi babu kowa. Mun ji fitar Mai Agogo da sassafe tare da ƙananan takalma a bayansa, ba mu ji dawowarsu ba. Kawu ya fara tattara kwanuka ke nan sai ga Lauya ta shigo daga titi da wani zare a hannu, an ƙulle shi a wuri biyu.

"Wannan ne tsawon babban sukundireban," ta ce. "Wannan na ƙaramin. Ina son gwangwanin kifi, marar zurfi. Kuma ba na son gam ɗin Inna, kiyashi yake kawowa."

"Sannu da ƙoƙari," in ji Inna. "Shekara da shekaru ina damawa, yau an gano ni."

Kawu ya mayar da kwanon da ya ɗauka. "Wa za ki ba?"

"Ka sani."

"Sai an faɗa."

"Baba."

Ta juya ta yi kira sama, ƙafafu suka fara saukowa. Ashe yaran suna zaune a kan matakala tun ɗazu suna jiran hukunci. Ɗan Gam ya zo da motar da mahaifiyarsa ta haɗa masa, yana ƙorafin ta sa tayoyin a ƙasa.

Lauya ta naɗe gwangwanin kifin da zare maimakon gam, ta ɗinke maɓallin a gefe da kanta, allura ta soke ta sau biyu, Kawu yana kan hannayensa. Da ta gama ta ajiye a gabansa.

"Zai tsaya," ya ce.

"Na sani," ta ce.

Tun daga ranar buhun Mai Shara a kan tebur ake juye shi, gaban kowa. Wannan sharaɗin Lauya ne, kuma Kawu bai yi gardama ba, don ya sami yammacinsa, ni kuma na sami bakin gadona. Abubuwa suna dawowa har yanzu, sai dai sun ragu. In abu ya dawo, mai shi yakan ɗauka ya haura ya tambayi dalili, saboda haka wasu iyayen yanzu sukan tari numfashi tun ranar Juma'a su ce abin da suke buƙata shi ne abin rataye makulli, ƙarami, don Allah ƙarami. Kakar da aka yi wa mafici ta ce ita ba ta son komai, aka yi mata akwatin ajiye komai ɗin.

Kwanakin baya na bi ta shagon Mai Agogo da wani tsohon agogona da ban damu da shi ba. Gwangwanin kifin yana kan tebur a damansa, sukundirebobi kwance a ciki, jan maɓallin yana kallon titi. Na kai hannu in ɗaga in duba, ya ƙi ɗaguwa. Ya buga shi da ƙusa a jikin teburin.

"Saboda masu share gefe," ya ce, bai ɗago kai ba.

Da na koma gida na tarar da Kawu yana daidaita bakin wani kwali da rula. Na ba shi labari. Ya gama jan layinsa tukuna.

"Ƙusa nawa ya sa?"

"Biyu."

"Ɗaya ta isa," ya ce, ya ci gaba da yanka.